Mai Ƙusa da Matsakaicin Mutum

Yayana kafinta ne a sashen gyare-gyare na jami'ar garinmu, shekara talatin da huɗu ke nan. Wata goma a kowace shekara aikinsa bai wuce ƙofar da ta ƙi rufuwa, ko kujerar da ɗalibi ya karya, ko makullin farfesan da ya kulle kansa a waje ba. A watannin nan ba wanda ya damu da shi, "kai, kafinta" kawai ake ce masa. Amma da zarar an gama jarrabawa, ɗalibai sun tattara akwatunansu sun watse, sai yayana ya koma wani mutum daban. Daga ranar har a dawo karatu Mai Ƙusa ake kiransa, kuma ko kasuwa ya shiga sai an tare shi an gaisa hannu bibbiyu.

Dalili kuwa, a dogon hutu jami'a takan buɗe wa mutanen gari zauren sashen zane-zane har mako shida. Kowa ya ga dama ya zo ya rubuta sunansa. Akwai ajin zane, akwai na ginin tukwane, akwai na ɗaukar hoto, masu kiɗa kuma an kai su can ƙarshen baranda don kada su kurmantar da jama'a. Wanda bai san garinmu ba zai ɗauka in ɗalibai sun tafi gari mutuwa yake yi. Ina! Lokacin ne ma muke farkawa. Masu gidajen haya, masu kanti, direbobin bas ɗin jami'a, matan da ke share ɗakunan kwanan ɗalibai, duk wanda ya shekara yana yi wa masu karatu hidima sai ka gan shi da safe yana sauri, buroshi a aljihu, fenti a gwiwar hannu. Ni ma ina cikinsu. Shagon fotokwafi gare ni a bakin ƙofar jami'a, in babu ɗalibai kuwa injin sai ya zama gadon kyanwa. Bana ma ita na zana, kwance a kan murfin injin, kuma duk wanda ya sake ce mini akuya ce za mu raba hanya.

A Asabar ɗin ƙarshe ake baje kolin abin da aka yi. Ana gayyato shugaban jami'a da manyan gari, 'yan uwa su cika zaure, a yi ta ɗaukar hoto. Rataye zanukan a bango kuwa aikin Yaya ne tun ranar da aka fara wannan abu, shekara ashirin da biyu da suka wuce.

Ga yadda yake yi. Ba ya taɓa zane sai mai shi ya zo. Zai jingina ka da bango, ya ce, "Tsaya yadda Allah ya yi ka. Ban da ɗage, ban da ranƙwafawa. Dubi gabanka." Sai ya zaro fensir daga bayan kunne ya ɗiga a bango daidai gefen idonka, ya ja tef ya auna daga ƙasa, ya rubuta a wani ɗan littafi da ya sha jiki. Sannan ya buga ƙusa yadda tsakiyar zanen za ta faɗa a kan ɗigon nan. Bugu uku yake yi, ba ya ƙarawa. Ko ka shekara goma kana zuwa sai ya sake auna ka, wai mutum ba ya tsayawa wuri ɗaya.

To ka san abin da wannan zai haifar. Bangon zaurenmu hawa da sauka ne. Zanen Dogo, direban bas, yana can sama, sai ka yi ɗage kana riƙe da hula. Kusa da shi na mai gyaran agogo, wanda a keken guragu yake zane, sai ka durƙusa. Na yara kuwa har sai gwiwa ta taɓa ƙasa. Ranar baje koli za ka ga manyan mutane suna tsugunawa suna miƙewa, gwiwoyi na ƙara, ana ta dariya ana kama hannun juna. In ka tambayi Yaya dalili, amsarsa ɗaya ce: "Daga nan ya ga abin. In kana son ka gani, je ka inda yake."

Ni na san inda abin ya samo asali, don a gidanmu aka yi. Babanmu dogon mutum ne, shi ma kafinta, kuma shi ya kafa madubin ɗakin innarmu daidai fuskarsa. Innarmu kuwa 'yar guntuwa ce. Shekara da shekaru ba abin da take gani a madubin nan sai ƙullin ɗankwalinta, ba ta kuma taɓa cewa uffan ba. Ranar da aka fara ba Yaya guduma a hannu, bai tsaya ko'ina ba sai ɗakinta. Ya sauko da madubin, ta tsaya ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ashe haka ta tsufa ba wanda ya gaya mata.

Bana ne Yaya zai yi ritaya. Takarda ta riga ta fito, wata uku suka rage masa. Wannan ne baje kolinsa na ƙarshe, kuma tun kafin a fara hutu yake shiri. Ya sayo sababbin ƙusoshi, ya goge gudumarsa har tana ƙyalli, ya ce wa matarsa ta fitar masa da rigar da ya sa a bikin 'yarsu. Mutum mai shekara sittin, amma sai ka ce yaron da aka yi wa alkawarin keke.

Ana nan sai aka kawo sabuwar shugabar zaure. Dakta muke ce mata, yarinya ce a kanmu, ta yi karatu mai zurfi a kan zane, kuma in faɗi gaskiya ba mu taɓa samun mai himma irinta ba. Ita ta sa aka gyara fankokin zaure, ita ta samo mana takardu masu kauri da fenti na gaske. Ta ce bana za ta gayyato masana daga wasu jami'o'i, a kuma buga ɗan littafi mai hotunan ayyukanmu. Muka yi ta tafi har hannu ya yi zafi.

Saura kwana huɗu a yi baje koli ta kira Yaya. Ina wurin, ina wanke buroshi, kunnena kuwa ba a wanke yake ba don komai sai don irin wannan.

Ta ce, "Baba, na ga hotunan bara. Bana layi ɗaya za mu yi. Tsakiyar kowane zane mita ɗaya da rabi daga ƙasa."

Yaya ya ce, "Ranki ya daɗe, idon wa ke nan?"

"Idon matsakaicin mutum. Haka ake yi a ko'ina."

"To, madalla. A kira shi in auna shi."

Ta yi dariya, ta ɗauka wasa yake yi. Da ta ga fuskarsa sai ta gyara tsayuwa. Ta ce, "Baba, ka fahimce ni. Mutanen nan sun yi aiki na gaske. Ina so baƙi su kalle shi da daraja, ba su zo su yi ta tsalle-tsalle suna dariya ba. In an rataye shi a karkace, za a ce wasan 'yan gari ne." Sannan ta sassauta murya ta ce in abin zai yi masa nauyi, akwai masu yin irin wannan aiki, sai ta kira su daga waje.

Wannan maganar ce ta soke shi. Ya mayar da fensir bayan kunne, ya ce, "Ba sai an kira kowa ba."

Da yamma na bi shi gida. Na tarar da shi a tsakar gida, ya baje littafinsa a cinya, yana bin awon bara da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Matarsa ta ce tun da ya dawo ko ruwa bai sha ba, wai neman matsakaicin mutum yake yi. Ya bi mutum hamsin da tara. Wannan ya haura da yatsa biyu, wancan ya gaza da taƙi guda. Can sai ya tsaya, ya ɗago kai ya dube ni kamar ya kama ɓarawo a cikin danginsa.

"Auta," ya ce, "ashe ke ce."

Mita ɗaya da rabi cif, ba ƙari ba ragi. Duk garin nan ni kaɗai.

Kai, ranar na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Ni da tun muna yara ake ce mini ba tsawo ba gajarta, ba a san inda za a sa ni a hoto ba, yau ga shi duniya gaba ɗaya da idona take rataye zane. Kafin gari ya waye labari ya zaga aji. Dogo ya riƙa sara mini yana cewa, "Hajiya Matsakaiciya, a taimaka mana da gani." Ni kuwa na riƙa tafiya ina ɗaga kai. Har na buɗe bakin nan nawa da ba ya shawara da ni, na ce wa Yaya, "Ai Dakta ta yi gaskiya. Shekara ashirin da biyu kana wahalar da gwiwoyin mutane, ka bar su su huta mana." Ya dai dube ni, kuma da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ranar Juma'a ya yi aikin shi kaɗai, bai kira kowa a auna ba. Ya ja igiya daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya ɗora ma'aunin nan nasa mai ɗigon ruwa a ciki, ya bi bango huɗu yana buga ƙusa. Zane sittin da uku, duk a layi ɗaya, ko gashi bai karkace ba. Wanda zai yi abu da ɓacin rai yakan ɓata shi, amma Yaya ba haka yake ba. Da Dakta ta shigo sai da ta dafa ƙirji. Ta ce, "Baba, ban taɓa ganin hannu irin naka ba." Ya ce, "Na gode, ranki ya daɗe," ya nannaɗe igiyarsa.

Ni kuma na zaga zauren, kowane zane yana kallona ido cikin ido, ban ɗaga kai ba, ban sunkuya ba. Ya yi kyau ƙwarai. Cikin minti biyar na gama ganin komai, na tsaya a tsakiya ban san abin da zan yi da kaina ba. Na hango Yaya a bakin ƙofa yana saka littafin awon nan a aljihun baya, littafin da bana ko layi ɗaya bai rubuta a ciki ba. Nan take daɗin ya fice mini, kunya ta maye gurbinsa.

Asabar ƙarfe sha ɗaya baƙi za su iso. Mu masu zane aka ce mu zo ƙarfe goma mu fara gani. Kowa ya ci ado, ƙamshin turare ya haɗu da warin fenti, masu kiɗa suna gwada kayansu a baranda, masu tukwane suna ta jera nasu a kan tebura. Aka buɗe ƙofa muka dunguma ciki, sai "kai!" da "masha Allah!" ke tashi ta ko'ina. Dakta na gefe, baki har kunne. Yaya na can kusurwa cikin rigar biki, hannuwa a baya.

Akwai wata tsohuwa a ajinmu, Inna Mai Wanki, wadda ta shekara talatin tana wa ɗalibai wanki kafin bayanta ya lanƙwashe. Duk shekara igiyar shanya take zanawa, da riguna kala-kala iska na kaɗa su. Na ga ta tsaya a gaban zanenta, ta ɗaga kai, ta ja da baya, ta sake matsowa. Sai kawai ta jingine sandarta, ta miƙa hannu biyu ta ɗaga zanen daga kan ƙusa, ta rungume shi, ta juya ta manna bayanta da bango.

"Mai Ƙusa!" ta ƙwala kira. "Zo ka auna ni."

Dakta ta taho da sauri. "Inna, don Allah, an riga an gama. Baƙi na hanya."

"'Yata, ai ban ga nawa ba. Gindin katakon zanen kawai na gani. Mako shida ina fama da rigunan nan, in zo kuma in kalle su daga ƙasa kamar wankin wani?"

Dogo ya sunkuya ya leƙa nasa, ya ce, "Ni kuwa nawa a cibiyata yake." Ya sa hannu ɗaya ya cire. Mai gyaran agogo ya turo kekensa, ya ce wa na kusa da shi, "Sauko mini da nawa, ɗan'uwa." Shi ke nan, kamar an ɓalle madatsar ruwa. Ba wanda ya shirya, ba wanda ya ba da umarni. Ta kowane bango sai ƙarar katako kake ji, mata na ajiye jaka, maza na naɗe hannun riga, iyaye na ɗaga yara su ciro nasu da kansu. Kafin ka ce me, mutum sittin da biyu sun jeru, baya a bango, kowa rungume da zanensa, ana ta kiran "Mai Ƙusa, nan!" "Mai Ƙusa, ni na fara!" Zane ɗaya tak ya rage a rataye, kyanwata.

Dakta ta juya kan Yaya, idonta ya yi ja. "Baba, kai ka shirya wannan?"

"Wallahi, ranki ya daɗe, ko a mafarki."

Na yi caraf na ce, "Dakta, ni shaida ce. Mutumin nan kwana huɗu ko da matarsa bai yi doguwar magana ba."

Ta dubi agogon bango, goma da minti goma. Ta dubi jama'a, ba wanda ya motsa. Tausayinta ya kama ni, don ita ma alheri ta nufe mu da shi. Ta ja dogon numfashi ta ce, "Aikin nan naka, lokaci nawa yake ci?"

"A ƙa'ida, kwana biyu."

"Minti hamsin gare ka. Kuma ka sani, baɗi layi ɗaya za a yi."

Yaya ya ce, "Baɗi ba na nan, Dakta."

Ta tsaya ta dube shi. Sai ta tuɓe takalmanta masu tsini ta jefa su ƙarƙashin tebur, ta miƙa hannu ta ce, "Ba ni fensirin."

Wayyo, da ka ga zauren nan! Ashe gudumar tana cikin aljihun rigar biki, ƙusoshi kuma a ɗaya aljihun. Dakta na gaba tana ɗiga fensir tana cewa, "Ban da ɗage! Malam, na gan ka, sauke dunduniya!" Ni ina biye da tef ina auna ina ƙwala lamba, matar Yaya ta karɓi littafi tana rubutawa, shi kuma yana baya, ƙusoshi a baki, ƙwas, ƙwas, ƙwas, ya wuce na gaba. Dogo ya zama tsani, duk wanda nasa ya yi sama shi ke ɗorawa. Masu kiɗa suka ji hayaniya suka leƙo, da suka ga abin da ake ciki sai mai ganga ya ɗauki bugun gudumar, uku-uku, jama'a suka kama tafi a kai. Duk zanen da ya hau sai a yi shewa. Inna Mai Wanki ta tsaya a gaban rigunanta, hanci kusan a jikin takarda, tana ta cewa, "Yauwa, ga su nan, ga su nan." Gumi ya jiƙe rigar bikin Yaya sharkaf, fuskarsa kuwa ban ga ta yi haske haka ba tun muna yara. Ƙusoshin jiya ba a samu lokacin cire su ba, suka tsaya a jere tsirara tsakanin zanuka, har daga baya wani baƙon farfesa ya tambayi Dakta sunan wanda ya yi wannan aikin mai zurfin ma'ana.

Sha ɗaya saura minti uku aka rataye na sittin da biyu. Zaure ya ɗauki ihu. Motocin baƙi sun riga sun tsaya a waje, Dakta na laluben takalmanta a ƙarƙashin tebur. Yaya ya tofar da ƙusa ɗaya da ta rage a bakinsa cikin tafin hannu, zai mayar aljihu.

Ni kuwa ina tsaye da tef a hannu. Kowa an jingina shi da bango, kowa an ce masa ya dubi gabansa, ban da ni. Na auna mutum sittin da biyu, ni ba wanda ya auna.

Na ce, "Yaya, ni fa?"

"Ke ai naki daidai yake, Hajiya Matsakaiciya."

"Awon bara ne. Ka auna ni."

Ya dube ni, ya karɓi fensir. Na cire kyanwata na rungume, na manna baya da bango.

"Tsaya yadda Allah ya yi ki, Auta. Dubi gabanki."

Na ji fensir ya taɓa bango kusa da kunnena. Ya ja tef, ya duba, ya sake dubawa.

"Mene ne?"

"Kin ragu," ya ce a hankali. "Yatsa guda."

Dakta ta ƙwalo kira daga bakin ƙofa, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, "Baba, sun iso fa!"

"Su ɗan jira, ranki ya daɗe. Saura ɗaya."

Yatsa guda ne kawai, ba mai lura ko da ya bar shi. Amma ya juya gudumar ya zare ƙusar jiya, ya ɗora ta ƙarshen nan ƙasa da ramin kaɗan. Ya buga sau uku. Ya karɓi zanen daga hannuna ya rataye, ya gyara shi da ɗan yatsa, sannan ya ja baya ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da ni.

"Kyanwa ce," ya ce. "Kowa ya ce akuya ce, ki turo mini shi."

Na so in yi dariya, kuka ya riga ta fitowa. Ya saka gudumar a aljihu, ya ɗaga wa Dakta hannu, ta buɗe ƙofa.